Yadda Ake Gina Ƙwarin Gwiwar Yaro a Filin Ƙwallo: Jagora ga Masu Horarwa da Iyaye

A filin makarantar firamaren da nake koya wa yaran unguwarmu ƙwallo bayan la'asar, akwai wani yaro ɗan shekara 11 da na daɗe ina lura da shi. In atisaye muke yi, ƙwallo kamar an ɗaure masa ita a ƙafa: zai tare, ya juya, ya miƙa wa ɗan'uwansa ba tare da ya dubi ƙasa ba. Amma ranar da aka ce wasa ne da wata unguwa, sai ka gan shi yana laɓewa a bayan abokin karawa don kada a ba shi ƙwallo. In ta zo masa kuwa, sai ya doka ta duk inda ta nufa, kamar wanda ya taka garwashi, nan take ya waiwaya bakin fili. Da na bi inda idonsa yake zuwa, sai na ga yayansa tsaye ya riƙe ƙugu. Ashe duk ƙwallon da ya ɓarar a fili, da daddare a gida ake lissafa masa ita.

Yaron nan iyawa ba ta gagare shi ba, ƙwarin gwiwa ya rasa. Irinsa kuma suna da yawa a filayenmu, kuma akasari mu manya ne sanadi. Abin da na fahimta cikin shekarun da na yi da yara shi ne, ƙwarin gwiwa shaida ce da yaro yake tarawa a ransa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya kai ga cewa: na taɓa yi, zan kuma iya. Aikin koci ya shirya masa wurin da zai tara wannan shaida. Aikin iyaye su tsare masa ita kada ta zube.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi bayani tun a 1977 cewa yarda da kai tana fitowa daga wurare huɗu: nasarar da mutum ya samu da hannunsa, ganin wani kamarsa ya yi nasara, maganar waɗanda ya amince da su, da kuma yadda yake fassara abin da jikinsa yake ji. A cikinsu na farko ya fi ƙarfi. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. A gidan dambe yara ƙanana ne suke buɗe fage, kowa da tsaransa, kafin manya su fito. Makaɗi kuma yana zuga ɗan dambe, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago, amma zugar tana da nauyi ne saboda kisan da ɗan damben ya riga ya yi a gaban jama'a. Kirarin da ba aiki a ƙarƙashinsa, naushin farko yake tarwatsa shi.

Mataki na farko: a auna wasan daidai da yaro

Kafin a yi wa yaro wata magana, a duba kayan da aka ba shi. Ƙwallo tana da lamba. Lamba 3 ta 'yan ƙasa da shekara 8 ce, lamba 4 ta 'yan 8 zuwa 12, lamba 5 kuma ta waɗanda suka haura haka. Yaro ɗan shekara 9 da aka ba shi lamba 5 an cika ta da iska tam, zai buga ta ƙi tashi, ya sa kai ta jijjiga masa ƙwaƙwalwa, daga nan ya fara gudunta. Ba shi da laifi. In babu kuɗin ƙaramar ƙwallo, a rage wa babbar iska kaɗan.

Haka raga take. Ragar manya faɗinta mita 7.32, tsawonta mita 2.44. In ka tsayar da gola ɗan shekara 10 a ciki, kowace ƙwallo ta bi sama ta shiga, shi kuma ya koma gida da sunan rariya. A sa duwatsu ko sanduna a tsuke masa ragar zuwa taku huɗu ko biyar.

Sai yawan 'yan wasa. Tsarin da Ingila ta bi shekara da shekaru shi ne biyar da biyar ga mafi ƙanƙanta, bakwai da bakwai ga 'yan shekara 9 da 10, tara da tara ga 'yan 11 da 12, sai bayan nan a kai goma sha ɗaya. Hikimar a fili take. In ka zuba yara 22 a babban fili, manyan ciki uku ko huɗu ne za su riƙe ƙwallo, sauran su wuni suna bin ƙura. In ka raba filin gida uku, kowa zai taɓa ƙwallo sau da yawa, kowa zai ci, kowa zai tare. Yaro ba zai tara shaidar iyawa a kan ƙwallon da bai taɓa ba.

A nan dole a faɗi maganar shekaru. A gasar unguwanni sau da yawa akan rubuta 'yan ƙasa da 13, sai ka ga an shigo da mai gemu. Matsalar ta kai har hukumar FIFA ta fara gwada ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'urar hoton asibiti a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, Kano ma na cikin garuruwan da aka buga. Kocin da ya rage wa wani shekaru don kofi ya cuci yara biyu: ƙaramin da aka bangaje har ya ɗauka shi ne bai iya ba, da babban da ya saba cin waɗanda ba tsaransa ba, ranar da ya haɗu da sa'anninsa gwiwarsa ta sage.

Mataki na biyu: atisaye hawa-hawa

Da rarrafe yaro kan tashi. Duk abin da za ka koyar, ka yanka shi gida-gida, yadda yaro zai ci kowane gida kafin ya hau na gaba. Ɗauki bugu da ƙafar hagu misali. A rana ta farko ya buga wa bango daga taku biyar, ƙwallo a tsaye. In ya saba, ya buga tana gangarowa. Sannan ya miƙa wa abokinsa. Sannan a sa wani ya tunkaro shi a hankali, ba tare da ƙwacewa ba. Sai a ƙarshe a sa shi cikin ƙaramin wasa, a ce duk wanda ya ci da hagu biyu za a rubuta masa.

Ma'aunin da nake bi shi ne: in yaro yana dacewa kamar sau bakwai cikin goma, wurin ya yi masa daidai. In goma yake yi cikin goma, a ƙara masa wuya, domin shi kansa ya san abin banza ne, ba zai ƙirga shi a cikin nasara ba. In kuwa uku ya gagare shi, a dawo da shi baya taku ɗaya, ba tare da an sanar wa kowa ba.

Ka sayi littafin rubutu ɗaya na makaranta, kowane yaro da shafinsa. A farkon wata ka rubuta sau nawa yake ɗaga ƙwallo da ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, fasin nawa cikin goma ya isa inda aka nufa, daƙiƙa nawa ya yi daga wannan dutse zuwa wancan. Ƙarshen wata a sake gwadawa. Ranar da yaro ya ce maka ba ya iyawa, ka buɗe masa shafinsa: ga 6 a watan jiya, ga 19 yau. Kada a haɗa shafinsa da na wani. Shi da kansa na jiya suke tsere.

A kuma riƙa tashi daga atisaye da abin da yara suka iya. Abin da yaro ya yi na ƙarshe shi yake tafiya da shi gida, shi yake kwana da shi.

Mataki na uku: yabo da gyara

Yabo iri biyu ne. Akwai na cewa kai gwani ne, kai ne Messin unguwar nan. Akwai kuma na cewa: na ga yadda ka duba bayanka kafin ƙwallo ta iso, shi ya sa ka juya da sauri. Na farko yana da daɗi a kunne, amma yana ɗora wa yaro suna da zai riƙa tsoron rasawa. Carol Dweck da Claudia Mueller sun gwada wannan a kan 'yan firamare a Amurka, suka buga sakamakon a 1998: yaran da aka yaba wa basira sun fi kauce wa aiki mai wuya, sun fi saurin karaya bayan sun faɗi, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka fi dagewa. Saboda haka ka yabi abin da yaro ya aikata, ka kira sunansa, ka faɗi takamaiman abin da ka gani. Kada kuma ka yabi abin da bai yi kyau ba, domin yara suna gane yabon ƙarya, daga nan na gaskiyar ma ya daina tasiri.

Gyara kuma yana da ƙa'ida uku. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. A gefe, ba a tsakiyar 'yan'uwansa ba. Sannan a faɗi abin da zai yi maimakon abin da ya ɓata. Tsakanin “me ya sa kullum kake zubar da ƙwallo?” da “in ta zo, ka tare da cikin ƙafa, ka sassauta ƙafar kaɗan” akwai tazara mai nisa. Ta farko hukunci ce, ta biyu makami ce da ka sa masa a hannu.

A bambanta kuskuren wasa da rashin ɗa'a. Wanda ya zagi ɗan'uwansa ko ya raina alƙalin wasa, a hukunta shi, ya zauna a benci. Amma sa yaro tsallen kwaɗo ko kamun kunne don ya zubar da ƙwallo, balle a kai ga bulala, darasi ɗaya yake koyarwa: hanyar tsira ita ce kada ka karɓi ƙwallo. A kuma hana laƙabin tsokana tun ranar farko. Sunan da koci ya yi dariya a kansa sau ɗaya, yaro zai iya ɗauke da shi har ya girma.

Mataki na huɗu: abin da ake yi bayan kuskure

A nan ake gane ko gini ya kafu. Ina yawan ba yarana labarin wasanni biyu na gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. A wasan Najeriya da Koriya ta Kudu, Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga babu gola a gabansa, duniya tana kallo. Mintuna kaɗan bayan haka aka samu fenareti, shi ya ɗauki ƙwallon ya ajiye, ya buga ta shiga, aka tashi 2 da 2. A wasan Ghana da Uruguay kuma, Asamoah Gyan ya buga fenareti a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci ta daki turken sama. Da aka zo bugun raba gardama, shi ya fara fitowa wa Ghana, ya kuma ci. Abin da nake so yara su gani shi ne 'yan mintunan da ke tsakanin zubarwa da sake ɗaukar ƙwallo.

Ana koyar da wannan kamar yadda ake koyar da fasin. Ku yi wa ƙungiyarku wata 'yar al'ada: wanda ya yi kuskure ya tafa hannu sau ɗaya, ya ja dogon numfashi, ya koma wurinsa da gudu, na kusa da shi ya ce masa “ta wuce”. In an ci gola, kyaftin ne zai je ya ɗauko ƙwallo daga raga ya dafa kafaɗarsa. Wanda ya zubar da fenareti ranar Asabar, shi ne farkon bugawa a atisayen Litinin. Kai ma koci, in ka yi canjin da bai yi amfani ba, ka faɗa a gabansu cewa wannan kuskurenka ne. Yaran da suka ga babba ya amsa kuskure bai rushe ba, su ma za su koya.

Mataki na biyar: benci da misali na kusa

Ba abin da yake cinye zuciyar yaro kamar ya wanke rigarsa, ya zo da wuri, ya wuni a benci, mako bayan mako. Ga 'yan ƙasa da shekara 13, a yi doka kowa ya buga aƙalla rabin wasa, ko ana ci ko ana cinmu. A riƙa juya kyaftin. Mai kunya a ba shi wani aiki da za a dogara da shi a kai, kamar jagorantar motsa jiki ko bugun kwana. A kuma tuna cewa yara ba sa girma lokaci ɗaya. Ɗan tsurut na bana yana iya zarce kowa nan da shekara uku, in ba a kore shi da benci ba.

Wajen ba da misali kuma, na kusa ya fi na nesa aiki. Ahmed Musa a Jos ya taso, ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, kuma ba wani ƙaton jiki ne da shi ba. Yaron Arewa zai ga kansa a cikin wannan labari fiye da na ɗan wasan Turai. Wanda ya fi shi ma kusa shi ne yaron layinku da ya girme su da shekara biyu. Ka kira shi ya nuna musu abin da bara shi ma yake fama da shi.

Ranar wasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a kawo sabon salo ranar wasa. Kowane yaro a ba shi aiki ɗaya da yake cikin ikonsa: kai, duk ƙwallon da ka rasa ka bi ta, kai kuma, ka gwada yanke mutum sau uku ko da an ƙwace. Cin wasa ba a hannun yaro ɗaya yake ba, amma wannan a hannunsa yake.

In yaro ya ce gabansa yana faɗuwa, kada a ce masa namiji ba ya tsoro. A gaya masa gaskiya, manyan 'yan wasa ma suna jin haka, jiki ne yake shirin aiki. Ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake ta baki, sau huɗu ko biyar. Ku yi addu'arku tare kamar yadda aka saba. In an busa usur kuma, koci ya rage ihu. Yaron da ake gaya wa “buga, miƙa, juya” a kowace taɓawa ba zai taɓa amincewa da shawarar kansa ba. A hutun rabin lokaci, ruwa tukuna, sannan abu ɗaya da ya yi kyau, da abu ɗaya da za a gyara.

Rabon iyaye

Abin da koci ya gina cikin awa biyu, gida yana iya ninka shi ko ya rushe shi kafin a kwanta. In yaro ya dawo, kada tambayar farko ta zama nawa kuka ci. A bari ya yi wanka, ya ci abinci. Sannan a ce: yaya wasa, me ka gwada yau? In an cinye su ya shigo da fushi, a ƙyale shi ya huce. Fuskar da ake tarbarsa da ita ranar nasara, ita za a tarbe shi da ita ranar faɗuwa, ya san matsayinsa a gida ba ya hawa ko sauka da sakamakon wasa.

Uba ya daure ya je kallo ko da sau ɗaya a wata, ya tsaya ya tafa wa yaran duka, ya bar koyarwa ga koci. In yana da ƙorafi, ya same shi su biyu. Uwa kuma, ko ba ta zuwa fili, tambayarta da addu'ar da take yi masa in zai fita suna da nauyin da ba wanda zai maye. A ja kunnen yayye da kawunnai, domin sau da yawa daga wajensu gorin yake fitowa. Kada a auna shi da ɗan maƙwabta.

Akwai wani kaya mai nauyi da talauci yake sa mu ɗora wa yara, wato cewa kai ne za ka fitar da gidan nan in ka tafi Turai. Ɗan shekara 12 da yake ɗauke da wannan ba zai iya gwada yanka ba, domin kowane kuskure a wajensa asarar gida ce. Dokar FIFA ma ta hana a kai ɗan wasa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ba gaggawa. A bar shi ya riƙe boko da islamiyya, ya yi ƙwallo don yana sonta. Wanda yake da abin dogaro fiye da ɗaya ya fi sakewa a fili.

Yara mata suna buƙatar duk waɗannan, da ƙari ɗaya: su san gida ya amince. A samar musu wuri mai tsaro, da babbar mace a wurin, da suturar da za su sake a ciki. Tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta amince da rufe kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta mata da hijabinta.

Iyaye su sa ido a kan alamu. Yaron da yake kukan ciwon ciki duk ranar wasa, ko ya daina ba da labarin fili, ko ya fara tsoron wani babba a wurin, a zaunar da shi a tambaye shi cikin lallashi, a kuma saurare shi da gaske.

Yaron da na fara ba ku labarinsa, yayansa na samu bayan an tashi. Na ce masa: “Ɗan'uwa, na san son ƙaninka ne yake kawo ka. Ina so ka taimake ni da aiki ɗaya.” Na ba shi takarda da biro, na ce ya riƙa yin layi duk lokacin da ƙanin ya miƙa ƙwallo ta isa ga nasu, wannan lissafin kaɗai zai kai gida. Makon farko layi huɗu ya samu. Ba a dare ɗaya abin ya canja ba, sai da muka shafe kusan wata biyu. Wata Asabar ana cinmu ɗaya, saura kaɗan a tashi, na ji wata ƙaramar murya daga tsakiyar fili. Na duba, sai ga shi ya fito daga bayan mai tsaronsa, hannu a sama, yana cewa: “Ba ni! Ba ni!”